Kogin Gaji Na Cikin Haɗari: Kada Mu Jira Sai Wikki Ya Ja Baya

Jama'a, a saurara. Mutanen Alkaleri, mutanen Duguri da Pali da Gwana, da ku masu ɗibar iyali daga Bauchi da Gombe da Jos da Kano ku je wanka Wikki lokacin Sallah, da ku nake. Kogin Gaji yana cikin haɗari. Haɗarin ya riga ya iso. Yawancinmu ba mu gan shi ba, domin ruwan yana nan garau yadda muka saba ganinsa. Wannan garau ɗin shi ke ruɗinmu.

Kowa ya san sunan Yankari. Kaɗan ne suka san cewa in babu Gaji, babu Yankari. Daji ne mai faɗin murabba'in kilomita 2,244. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa baƙi a 1962. Kogin ya ratsa shi ta tsakiya. Da damina dabbobi sukan watsu ko'ina, domin kowane kwari da ruwansa. Amma hunturu ya wuce, bazara ta kama, ciyawa ta bushe, tafkuna sun ƙafe, ina za su? Gaji. Giwa Gaji, ɓauna Gaji. Gwanki da kanki da gwambaza da mazo, duk Gaji. Dorina da kada dama can ne gidansu. Zaki na biye da su, domin inda nama ya taru nan yake kwana. Tsawon rani, ran dajin nan gaba ɗaya a kwari ɗaya yake rataye. In kwarin ya lalace, babu na biyu.

To daga ina Gaji ke samun ruwa a Maris da Afrilu, lokacin da rafukan kewaye suka koma yashi? Ku tsaya a nan, domin nan ne gindin maganar. Daga ƙarƙashin ƙasa yake samu. Yankari na zaune ne a kan dutsen yashi, shimfiɗar da masana ƙasa ke kira Kerri-Kerri. Dutse ne mai shan ruwa. Ruwan sama ya sauka a kan tudu, ganye da ciyawa da saiwa su tare shi kada ya gudu, ya nutse a hankali. Ya yi ƙasa can inda akwai ɗumi. Ya daɗe yana ratsa dutse, sannan ya ɓullo a gindin tsauni. Kamar sabon tulu ne, ka cika shi ya yi ta tsatsafowa ta jikinsa. Haka Wikki ke fitowa. Haka Dimil da Gwan da Nawulgo, sauran maɓuɓɓugan ɗumi na dajin.

Wanda ya taɓa sauka matakalar Wikki ya san abin da nake faɗa. Ruwa na fitowa daga ƙarƙashin jan dutse, shiru, ba ƙara. Ka tsaya a ciki ya kai maka ƙirji, kana ganin yatsun ƙafarka a kan farin yashi. Ɗuminsa digiri 31 ne, dare da rana, da sanyi da zafi. An kiyasta yana zubar da lita miliyan 21 kowace rana, kuma duk Gaji yake nufa. Babu injin da ke turo shi. Babu wanda ya taɓa biyan kuɗin mai domin ya fito.

Yanzu ku ji abin tsoron. Ruwan da kake iyo a ciki yau ba na daminar bana ba ne. Ya daɗe a hanya. Itatuwan da suka taimaka ya nutse, wataƙila wasunsu tuni an ƙona su an ɗura a buhu. Ke nan ɓarnar da muke yi yau ba za ta nuna kanta yau ba. Za ta yi shiru. Za mu ci gaba da wanka, muna ɗaukar hoto a waya, muna cewa lafiya lau. Ranar da Wikki ya fara ja baya, ranar da aka ga alamar ruwa ta sauka a jikin dutse, to ba ranar aka fara ba. An fara tun shekaru. Kuma a ranar babu kwamitin da zai iya mayar da shi, babu kuɗin da zai saya. Wa zai shiga cikin dutse ya gyara? Wa?

Shi ya sa nake cewa jinkiri shi ne babban abokin gabarmu. Kada kowa ya ce a bari sai an ga alama a ruwa. Alamun suna kan tudu, kuma sun cika ido.

Ku dubi gefen titi. Buhunan gawayi jere, an toshe bakinsu da ganye, suna jiran mota. Ku dubi manyan motocin da ke wucewa da su zuwa birane. Kowane buhu itace ne da ya shekara da shekaru yana tsaye. Ƙirya ce, marke ne, kawo ne. A da da gatari ake sara, mutum ya wuni a kan itace ɗaya. Yanzu inji ne, kafin azahar an kwantar da abin da gatari zai yi mako bai gama ba. Madobiya kuwa mun ga yadda aka yi mata a dazukan Taraba, aka yi ta lodinta zuwa Sin har sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da duniya ta taƙaita cinikinsu a 2017. Me ke faruwa da ƙasar da aka tuɓe wa itace? Rana ta gasa ta ta yi tauri. Ruwan sama ya sauka, bai sami abin da zai riƙe shi ba, ya kwasa da gudu. Ya tafi da ƙasar noma. Ya haƙa zaizaya. Ya cika kogi da yashi da laka. Da damina ambaliya, da rani ƙishirwa. Ruwan da ya gudu a sama bai shiga dutse ba, kuma wanda bai shiga dutse ba ba zai fito a Wikki ba.

Ruwan ƙasa bai san iyakar gandun daji ba. Ba ya tsayawa a ƙofar Mainamaji ya nemi izini. Itacen da aka sare a wajen iyaka, da gonar da aka share har bakin rafi, da wutar da aka cinna wa daji a tsakiyar rani don a kori gafiya, duk suna cikin lissafin.

Ɗan'uwa mai gawayi, na san ba don nishaɗi kake shan hayaƙi ba. Akwai bakunan da ke jiranka a gida. Amma ka tambayi kanka: nawa ake ba ka a buhu, nawa ake sayar da shi a birni? Kai ne ka fi kowa wahala, kai ne ka fi kowa ƙaramin rabo, kuma kai ne za ka zauna da rijiyar da ta ƙafe. Dillali zai juya motarsa ya nufi wani daji. Kai ina za ka?

Sai maganar shanu. Ardo, Allah ya ba ka haƙuri, dole a faɗe ta. Gaskiya ne an cinye burtali. Gaskiya ne gonaki sun shiga makiyaya, mashaya da yawa an kewaye su. Wannan zalunci ne, kuma wajibi ne hukuma ta gyara. Amma kora garke cikin kwarin Gaji da rani ba magani ba ne. Kofato na rusa gaɓar kogi. Ana sassabe rassan kawo da maɗaci a zubo wa shanu, itacen ya tsaya tsirara. Mashayar da giwa da ɓauna ke zuwa ta zama taɓo. Cuta kuma ba ta tambayar wace dabba ce ta gida, wace ce ta daji. Dattawa sun tuna cutar bushiya ta farkon shekarun 1980. Ta ƙarar da garkuna a Arewa, ta kuma shiga Yankari ta kashe ɓauna da mugun dawa. An kawar da bushiya daga duniya a 2011, amma sauran cututtuka suna nan, kuma a bakin ruwa ake musayarsu.

Abin da ya fi wannan muni shi ne guba. Zaki ko kura su kama saniya, mai ita ya fusata, ya barbaɗa maganin ƙwari a kan mushen. Wa zai ci? Zaki zai ci. Kura za ta ci. Ungulu za su sauko da yawa, su mutu a wuri ɗaya. Ku gaya mini, yaushe rabonku da ganin ungulu a mahauta? Mu da muka tashi muna ganinsu a kan kowace katangar kasuwa! Tun 2015 aka sa irin ungulun garuruwanmu cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. A shekarar ce kuma aka sa zakin Afirka ta Yamma a wannan sahu. A duk faɗin Najeriya, wuri biyu aka sani zaki ya rage: Yankari da gandun Kainji. Mushe ɗaya mai guba zai iya shafe iyalin zaki guda. Daga ina za a kawo wasu?

Masunta, ku ma ku ji. A koguna da yawa na ƙasar nan an ga masu zuba Gamalin a ruwa don kifi ya taso. Kada wannan ya kusanci Gaji. Kada ya kusanci kowane rafi. Gubar ba ta zaɓe. Tana kashe babban kifi da ƙarami da ƙwai. Tana shiga cikin kada da tsuntsun da ya ci kifin. Tana shiga cikin yaron da aka dafa wa shi a gida. Duniya ta haramta sarrafa sinadarin da ke cikinta tun 2009. Mai noman rani, kai ma kada ka wanke injin feshinka a rafi. Kada ka jefa kwalbar maganin ciyawa a gaɓa. Wanda ke ƙasa da kai wannan ruwan yake sha.

Akwai masu cewa dajin Allah ne, ba ya ƙarewa. To ina raƙumin dawan Yankari? Ina rabbi? Ina kyarkeci? Ina mariya da dari? Duk sun taɓa zama a dajin nan. A zamanin iyayenmu suka ɓace, ba a zamanin Fir'auna ba. Babu ranar da aka yi shelar tafiyarsu. Sun yi ta raguwa, ana cewa suna can ciki, suna can ciki, har aka wayi gari babu wanda ya sake ganin sawunsu.

Giwa ce ke layi yanzu. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a 2006 ta sami 348. Kiyasin shekarun baya-bayan nan bai wuce 100 zuwa 150 ba. Duk da haka garken Yankari na cikin mafiya girma da suka rage a ƙasar nan, ku auna yadda sauran wurare suke. Giwa na ɗaukar ciki wata 22. Sai ta yi shekara huɗu ko biyar kafin ta sake haihuwa. Maharbi na kashe ta cikin minti ɗaya saboda haure. Wane lissafi ne zai cike wannan giɓi? Kuma babbar giwa na shan ruwa fiye da lita 100 a rana. In Gaji ya gaza, ba za ta tsaya ta mutu da ƙishi ba. Za ta fito. Za ta bi ƙanshin ruwa zuwa rijiyar gari, ta bi ta kan dawa da masara da rumbu.

Manomin da giwa ta taɓa shiga gonarsa ya san wannan ɗacin. Aikin damina guda ya tafi a dare ɗaya. Idan ya ce gwamnati ta fi son dabba da mutum, kada a yi masa tsawa, a saurare shi. A biya shi diyya da wuri, ba sai ya gaji da zarya ba. Amma Baba, ka duba da kyau: lafiyar kogin nan ita ce katangar gonarka. Muddin akwai ruwa da ciyawa a kwarin Gaji, giwa na da dalilin zama a ciki. Ranar da babu, ƙofarka za ta zo.

An ga abin da tsaro ke iya yi. Yankari ta zama gandun ƙasa a 1991, ta koma hannun Jihar Bauchi a 2006. A 2014 jihar ta haɗa hannu da ƙungiyar WCS mai kare namun daji. Aka ƙarfafa sintiri, aka ɗaura wa wasu giwaye na'urar bin sawu a wuya, kisan giwa ya ja baya sosai. A 2017 kyamarar da aka ɗana a daji ta ɗauki hoton damisa, bayan an daɗe ana zaton ta ƙare. Wannan na nuna dajin bai mutu ba, yana amsawa in an kula da shi. Amma masu gadin dajin nan mutane ne masu iyali. Suna kwana a jeji, suna fuskantar masu bindiga, wasunsu sun rasa rayukansu a bakin aiki. In alawus ya makara, in mota ba mai, in takalmi ya yage, sintiri ya tsaya. Maharbi ya fi kowa sanin ranar da sintiri ya tsaya. Dajin da babu mai gadi kuma ba ya zama fanko. Mun ga abin da ya shiga dazukan Kamuku da Rugu da Sambisa bayan ido ya ɗauke daga kansu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ku kuma baƙi, 'yan makaranta da 'yan biki da masu hutun ƙarshen shekara, kada ku ɗauka maganar ta tsallake ku. Ku dubi bakin ruwan bayan taro ya watse. Ledar fiya wata, robar lemo, ƙunzugun yara, ragowar shinkafa a takarda. Kada ku shiga da sabulu. Kada ku yi wanki a ciki. Abin da ka zuba a Wikki bai tsaya a Wikki ba, ya gangara inda dabbobi ke sha. Kada ku miƙa wa birai abinci. Gwaggon birin da ya saba da biskit shi ne gobe zai fizge jaka a hannun yarinya, ya buɗe ƙofar ɗaki, ya yaga leda ya haɗiye. Kada ku kankare sunayenku a jikin dutse. Kogunan Marshall guda 59 da magabata suka sassaƙa a dutsen yashi, da rijiyoyin Dukkey, da zanen Tunga Dutse, da tsofaffin matoyan ƙarfe na Ampara, sun kai gare mu ne domin waɗanda suka gabace mu ba su lalata ba. Dutsen yashi taushi gare shi. Ƙusa ɗaya ta isa ta goge abin da ya shekara ɗaruruwa.

Akwai wani sabon abu da dole a sa wa ido. A Nuwamban 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin haƙar mai na Kolmani, a kan iyakar Bauchi da Gombe, kuma ƙaramar hukumar Alkaleri na ciki. Jama'a sun yi murna, suna da dalili. Amma a yi tambaya tun yanzu, tun rijiyoyin ba su yawaita ba. Ina za a zubar da ruwan dattin haƙa? Wa zai auna ruwan ƙasa kafin da bayan? In bututu ya fashe, wa zai biya? Dutsen da ke shan ruwan sama zai sha duk abin da aka zuba masa. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya ce tsabtace ta na iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30. Su ma can an yi murna ranar farko.

Ba sai mun je nesa ba ma. Ku tambayi dattawan Kano yadda kogin Jakara yake a da, ku je ku tsaya a bakinsa yau in za ku iya jure warin. Ku dubi abin da ruwan masana'antun fata ya yi wa kogin Challawa. Ku tambayi masunta da manoman Hadejia da Nguru yadda kachala ta toshe hanyoyin ruwa bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ta saba wanke fadama ta canja. Wanne ne a cikinsu ya lalace rana ɗaya? Wanne ne aka iya mayarwa yadda yake?

Don haka a tashi. Ranku ya daɗe hakimai da dagatai da masu unguwanni, ku kuka san wanda ke da injin sare itace a ƙasarku, kun san motar da ke shigowa da dare. Ku kira su. Ku hana sara da noma a gaɓar kowane rafi, a bar wa ruwa inuwarsa. Malamai, ku faɗa a huɗubar Juma'a, limaman coci ku faɗa ranar Lahadi: zuba guba a ruwa ɓarna ce a bayan ƙasa. Sarkin pawa, kada ka bari a kasa bandar naman daji a kasuwarka. Hajiya, in an kawo miki, kada ki saya. In babu mai saye, maharbi zai rataye bindigarsa. Shugabannin makiyaya da na manoma, ku zauna tun kafin kaka, ku nemi a buɗe burtali, a haƙa mashaya a wajen gandu, kada rani ya zo ya same ku ba shiri.

Gwamnatin Bauchi da 'yan majalisar yankin, amanar nan a hannunku take tun 2006. Ku biya masu gadi a kan lokaci. Ku ƙara yawansu. Ku ba ƙauyukan kewaye rabonsu daga kuɗin ƙofa, domin wanda ke cin moriyar daji shi zai tsare shi. Ku samar wa masu gawayi wata sana'a, ku sauƙaƙa gas da murhu mai cin itace kaɗan a birane, domin a can ake ƙona dajin. Kada a jira kasafin baɗi. Kada a jira taron bita a otal.

Kuma a fara auna ruwan Wikki a wannan watan. A auna yawansa, a auna tsabtarsa, a maimaita kowane wata, rani da damina. A sa jami'o'in Bauchi da Gombe su riƙe aikin. A liƙa sakamakon a ƙofar shiga, da Hausa, inda direba da ɗalibi da mai tallan gyaɗa za su karanta. Duk wanda ya je Yankari daga yau, ya tsaya a ƙofar ya tambaya: ina sakamakon awon watan nan?